Farautar ɓoyayyun akwatuna a gaɓar tekun Oregon

Ɗan yayata ne ya koya mini wasan da ake kira jiyokashin. Wani zai ɓoye ɗan akwati a gindin bishiya ko a tsagar dutse, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi GPS ɗin wayarka har ka gano shi. A ciki akwai takarda. Ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar da akwatin yadda ka same shi. In ka ɗauki wani ɗan abu daga ciki, sai ka bar wanda ya kai shi daraja.

Da muka yanke shawarar yin tafiyar kwana huɗu a mota, jihar Oregon ta Amurka muka zaɓa, domin a can abin ya samo asali. Kafin watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka tana rage ingancin GPS da gangan ga farar hula, har na'ura kan kauce da kusan mita 100. Da aka daina hakan, ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek, ya sanar da lambobinsa don a gwada. Bokitin ba ya nan yanzu, amma an kafa allon tunawa a wurin. Nan muka fara tsayawa kafin mu nufi teku.

Makonni uku na yi ina shiri. Babbar hanya mai lamba 101 tana bin gaɓar jihar na kusan kilomita 580, daga Astoria a bakin kogin Columbia zuwa iyakar Kalifoniya. Daga arewa muka taso muka yi kudu, saboda a hannun dama ake tuƙi, don haka teku yana gefenmu kuma wuraren tsayawa ba sai mun tsallaka titi ba. Kowane akwati yana da taurari daga 1 zuwa 5, na wahalar ganowa daban, na wahalar hanya daban. Na bar duk wanda hanyarsa ta haura uku. Na karanta abin da masu nema suka rubuta kwanan nan. Wanda mutum uku a jere suka ce ba su gani ba, na cire shi. Na sauke taswira a waya saboda wuraren da babu sabis, na sayi biro biyu. Akwatuna 46 suka rage a jerina.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne cikar teku da janyewarsa.

A Hug Point, kudu da Cannon Beach kaɗan, na gane haka. Mun iso da hantsi, kibiyar waya tana nuna mita 80 a gabanmu, amma tsakaninmu da wurin ruwa ne ke dukan dutse yana tashi fari fat.

"Kawu, in igiyar ta koma sai mu sheƙa da gudu," in ji yaron.

Na ce a'a. Tun daga wurin ajiye mota alluna ke gargaɗi cewa kada ka juya wa teku baya, domin wata igiyar kan zo ba zato ta wuce inda sauran suka tsaya, har ta mirgina manyan gungumen da ke kwance a yashi. Wani dattijo mai yawo da karensa ya ji mu, ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya nuna mana jadawalin ruwa. Sau biyu teku ke cika a yini, sau biyu yana janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ya ce mu dawo bayan awa huɗu.

Muka dawo, sai ka ce ba wurin ba ne. Ruwa ya ja baya, ga hanya a fili an sassaƙe ta a jikin dutse. A da, kafin a yi titi, yashin gaɓar nan shi ne hanyar kekunan doki, shi ya sa a 1913 gwamna Oswald West ya sa aka mayar da gaɓar hanyar jama'a, kuma har yau kowa na da ikon takawa. Muka bi a hankali saboda santsi. A ramukan dutse ruwa ya kwanta, wasu halittu kore shar kamar furanni suna buɗe a ciki, in ka kusanto da yatsa sai su tsuke. Na daɗe a tsugune a nan har na manta abin da ya kawo mu.

Yaron ne ya gano akwatin, can sama inda ruwa ba ya kaiwa, a bayan saiwar wata bishiya da iska ta tanƙwara. Robar ba ta fi tafin hannu ba, an naɗe ta da tef mai launin ƙasa. Takardar ciki ta yi laushi don danshi, sunaye sun cika ta gaba da baya, wasu tawadarsu ta baje. Da ƙyar muka sami gefen da za mu matsa namu.

A daren nan na sake tsarin daga tushe. Na ajiye jadawalin ruwa a gabana, na raba akwatunan biyu: na bakin ruwa sai lokacin janyewa, na kan tudu da cikin daji lokacin cika. Fiye da rabi suka fita daga jerin, kuma ban ji zafin hakan ba. A ganina wanda ya ɓoye akwati a irin wannan gaɓa wurin yake so ka gani, kuma wurin ba ya ganuwa a minti biyar.

Sauran kwanakin sun tafi lami lafiya. Mun tsaya a hasumiyar Yaquina Head mai haska wa jiragen ruwa, wadda ta fi kowace tsawo a jihar. A Cape Perpetua muka yi wani nau'in da babu akwati sam, sai dai ka lura da duwatsun ka amsa tambayoyi a kansu. A can cikar ruwa muka jira da gangan, muna daga nesa muna kallon ramin Thor's Well yana cika ya tumbatsa, sannan ya zuƙe ruwan ƙasa.

Mun isa garin Brookings kusa da iyakar Kalifoniya bayan mun gano akwatuna 19, huɗu kuma sun gagare mu, muka rubuta gaskiya cewa ba mu gani ba don mai su ya je ya duba. Na ƙarshen yana cikin dogayen bishiyoyi a saman wani gangare, inda GPS ke ta rawa saboda duhuwar ganye. Muka sa wayar a aljihu muka shiga lalube da hannu. Yaron ya zaro shi daga kogon wani kututture, ya miƙo mini biro.

"Kawu, wannan kai za ka rubuta."