Abin da Rayuwar Johnny Marr ta Koya Mini a Ɗakin Ɗaukar Sauti

Aikina haɗa sauti ne a wani ƙaramin situdiyo, kuma a shekarun farko na ɗauka cewa gwanin jita shi ne wanda kiɗansa ya danne na kowa har mai sauraro ya manta da mai waƙa. Wani dattijo da na koyi aiki a hannunsa ne ya fara gyara mini wannan tunani, ranar da ya kunna mini faifan wata ƙungiyar Birtaniya mai suna The Smiths, ya umarce ni da in bar muryar mawaƙin in bi jita kawai da kunnena. Daga wannan rana na shiga bibiyar tarihin makaɗin, wato Johnny Marr.

An haifi Marr a Manchester a 1963, iyayensa kuma 'yan ci-rani ne daga ƙasar Ailan. Yana da shekara 18, a 1982, ya je har ƙofar gidan Morrissey, wanda daga baya ya zama mawaƙin The Smiths, ya nemi su riƙa tsara waƙoƙi tare. Suka kafa ƙungiya ta mutum huɗu, da Andy Rourke a kan jitar bes da Mike Joyce a kan ganga, sannan suka ƙulla yarjejeniya da Rough Trade, kamfanin faifai mai zaman kansa a Landan wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanoni. Daga irin waɗannan kamfanoni ne kiɗan da ake kira indi ya samo sunansa, wato daga kalmar Turanci "independent", mai zaman kansa.

Yadda suke raba aiki shi ne ya fi jan hankalina. Marr yakan tsara kiɗa ya naɗe shi a kaset, ya miƙa wa Morrissey, shi kuma ya ɗora baitoci da karin murya a kai. Ke nan tun a lokacin da yake tsarawa ya san cewa akwai muryar da za ta zo ta zauna a tsakiya, don haka dole ya bar mata wuri. Ba ya yawan yin dogon kiɗan nuna bajinta irin wanda makaɗan rok suka saba, sai dai ya jera layukan jita da dama, wani a kan wani, kowane siriri ne idan an saurare shi shi kaɗai, amma idan suka haɗu sai su zama kamar saƙar tabarma da mawaƙi zai zauna a kai. Na gwada wannan a wurin aiki. Na rage ƙarfin jita a wata waƙa da muke haɗawa, na raba ta gida uku a hagu da dama da tsakiya, sai ga muryar yarinyar da ke rerawa ta fito sarai, alhali na kwana biyu ina ƙara mata ƙarfi ba tare da ta fito ba. Tun daga lokacin nakan tambayi kowane makaɗi abin da zai iya cirewa kafin in tambaye shi abin da zai ƙara.

Sai dai wannan hali na ɗaukar nauyin wasu bai tsaya a kiɗa ba, kuma a nan ne labarin ya fi taɓa ni. Ƙungiyar ba ta samu manajan da ya daɗe ba, saboda haka lamuran kuɗi da tafiye-tafiye da sallamar ma'aikata sukan faɗo a kan Marr, matashin da a lokaci guda yake tsara kiɗan kundaye huɗu tsakanin 1984 da 1987. A 1987 ya gaji ya bar ƙungiyar yana da shekara 23, ita kuma ta watse. Ni ma na taɓa zama wanda ke riƙe kuɗin wasu abokai da muke aiki tare, ni ne mai neman wurin wasa, ni ne mai ba da haƙuri idan an makara, kuma na yi shiru da gajiyata don gudun a ce na cika ƙorafi, har ranar da na daina ɗaga wayarsu. Da na faɗi abin da ke damuna tun da wuri, da wataƙila muna tare har yau.

Rabon kuɗi ma bai kasance a rubuce yadda kowa ya fahimta ba. Marr da Morrissey suna karɓar kashi 40 cikin ɗari kowannensu na kuɗin faifai da wasanni, Rourke da Joyce kuma kashi 10. Rourke da Joyce suka kai ƙara, kuma a 1996 babbar kotu a Landan ta yanke hukunci cewa Joyce ya cancanci kashi 25, tare da biyan bashin baya na kusan fam miliyan ɗaya. Ina ƙaunar kiɗan Marr ƙwarai, amma a wannan batu ina ganin alƙali ya yi daidai, domin mai ganga ya sha wahalar hanya ɗaya da sauran. Yanzu ba na kunna makirufo ga kowace ƙungiya sai sun zauna sun rubuta kason kowa a takarda sun sa hannu, ko da 'yan uwan juna ne, ko da sun ji haushina a ranar.

Bayan rabuwar, Marr bai yi gaggawar neman zama na gaba ba. Ya kafa ƙungiyar Electronic tare da mawaƙi Bernard Sumner, ya shiga ƙungiyar Modest Mouse ta Amurka a 2006, ya yi shekaru tare da ƙungiyar The Cribs, ya kaɗa jita a ayyukan Hans Zimmer, mai tsara kiɗan fina-finai, kuma sai a 2013 ya fitar da kundin farko da sunansa shi kaɗai, yana dab da cika shekara 50. Rourke, wanda abokinsa ne tun suna makaranta, ya karɓi sulhu tun kafin shari'ar ta kai ga hukunci, kuma zumuncinsu ya farfaɗo daga baya. A watan Satumba na 2022 ya hau dandali tare da Marr a birnin New York suka yi kiɗa kamar da, sannan a watan Mayu na 2023 Rourke ya rasu.