Wai giya busasshiya

Jiya a wani dina a Maitama aka kawo farar giyar inabi, ni dai zoɓona na riƙe, sai abokin aikina ɗan Jos ya ce wai busasshiya ce, na ce haba Malam ruwa ne fa a kofi, ta ina ya bushe? Ashe nufinsu ba zaƙi, yis ya cinye sukarin tas. Daga Terlano take, arewacin Italiya cikin duwatsun Alps, inabi kala uku aka haɗa, Pinot Bianco da Chardonnay da Sauvignon, sanyin dare a kan tudu ke riƙe mata ɗan tsamin. Wai haka sanyin Jos ke wa sitirobari. Na ce to kawo min sitirobarin, shi kam zan sha.