Abin da madubi bai nuna mini ba

A shekarata ta farko ta koyon aiki a ɗakin binciken tsokar da ake yankowa daga jikin majinyata, na ɗauka sankarar gaɓoɓin da ke samar da yawu cuta guda ce, maganinta tiyata, sai a biyo da gashi da haske mai kashe sankara idan da buƙata. Malamina ya raba ni da wannan zato ranar da ya ɗora gilasai biyu masu ɗauke da yankin tsoka a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, dukansu daga gaɓar nan ta gaban kunne da ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, ya ce in bambance su. Na leƙa har idona ya yi ruwa, ban ga bambanci ba. Ya ce ire-iren wannan sankara sun haura 20, kuma akwai waɗanda ido kaɗai ba ya raba su.

Ɗayan gilasan irin wadda Alena Skalova da abokan aikinta a ƙasar Cek suka bayyana ce a 2010, wadda a da ake cuɗa ta da wata. Asalinta mannewar sassa biyu ne na ƙwayoyin halittar gado, ETV6 da NTRK3, kuma a 2018 Amurka ta amince da larotrectinib, maganin sha da ke toshe aikin wannan mannewar. Ke nan kuskuren suna a takardata zai iya hana mutum maganin da ya dace da shi.

Sankarar da ke tasowa daga bututun yawu kuwa muguwa ce, amma wasu na ɗauke da HER2, sinadarin da ke ingiza girman ƙari, kamar wasu ire-iren sankarar mama. A Japan an haɗa trastuzumab, maganin da ke toshe HER2, da wani maganin sankara, docetaxel, ga majinyata 57 masu irin wannan, ƙari ya ragu a jikin kusan kashi 70 cikin 100, aka wallafa sakamakon a 2019, ƙasar ta amince da maganin a 2021. Wadda ta fi damuna ita ce mai bin jijiya a hankali, ta ɓulla a huhu bayan shekaru, domin magunguna irin su lenvatinib galibi rage mata gudu kawai suke yi.

Gwaje-gwajen gano waccan mannewar ko HER2 suna da tsada, ba kuma kowane ɗakin bincike ne a wajenmu yake yin su ba. Duk da haka, yanzu nakan rubuta gwajin da ya kamata a ƙara a ƙasan kowane sakamako, in kuma adana ƙullin tsokar da ke cikin kakin farafin da lambarsa, ko da dangin majinyaci za su dawo nemansa bayan shekara biyu don aikawa wani wuri.