Yadda na haɗa wa Kawu Apollo don neman masu sayen zoɓo

Mu nan Maigatari zoɓo da riɗi akwai su Alhamdulillah, inda gizo ke saƙar shi ne mai saye. Kaya sai ya bi hannun dillalai kafin ya kai Legas, alhali kowa a harkar ya san zoɓonmu da yawa Meziko yake tafiya. Shi ya sa na ce wa Kawu mu gwada Apollo.io, shafi ne da ke tara sunayen kamfanoni da ma'aikatansu da imel ɗinsu, kana neman manajan sayayya na kamfanin shayi sai ya fito maka da shi. Kawu ya ce "to ɗana, in dai ba za a kwashe min kuɗi ba, bismillah."

Buɗe akawun ba wuya, da Google na shiga. Aikin yana wajen tsare ƙofar. Tunda duk wanda ya shiga Google ɗin ya shiga Apollo, sai na sa masa tabbatarwa mataki biyu, kuma ban yarda da lambar da ake turowa ta tes ba, don mu nan bakin boda wani lokaci waya sai ta kama sabis ɗin Nijar, ranar Alhamis kuwa da kasuwa ta cika ka yi ta jiran saƙo har lambar ta mutu. Manhajar Google Authenticator na saka a waya, ita ke ba da lambar shiga, lamba 6 ce tana canzawa duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da data. Amma fa da agogon waya take aiki, in agogon ya yi gaba ko baya za a yi ta ce maka lambar ba daidai ba ce, ka bar shi a otomatik kawai. Lambobin ajiya da Google ke bayarwa don shiga in waya ta ɓace kuma na rubuta a takarda, suna cikin akwatin Kawu tare da rasit.

Sai makulli, wato API key, lambar sirri ce da ke ba wata manhaja damar ɗauko bayanai daga akawun ɗinka na Apollo, don ina so sunayen su riƙa zuba cikin Google Sheets kai tsaye. Wajen ƙirƙirarsa za a ba ka zaɓi, ko master key mai buɗe ko'ina, ko ka zaɓi iya ayyukan da kake buƙata. Na zaɓi iya nawa, don wanda ka aika ya ɗebo buhu ɗaya ba ka miƙa masa makullan sito gaba ɗaya. Ana tura shi ne a header, wato kan saƙon da ake aika wa Apollo, mai suna X-Api-Key, ba a liƙa shi jikin link. In Apollo ya ƙi saƙonka lamba yake maido maka: ka ga 401 makullin ne bai yi ba, 403 an gane ka amma ba ka da izinin wurin, 429 kuma ka cika turawa ne, ka ɗan saurara.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne yadda mutanenmu ke tura irin wannan a WhatsApp. Duk imel ko lambar waya da aka buɗe kiredit ake ci, wato cikin adadin da Apollo ya ware wa akawun ɗinka, to duk mai riƙe da makullin da kiredit ɗinka yake aiki. Ni cikin Script Properties na ajiye shi, wato ma'ajiyar saituna ta rubutun da ke aiki da Google Sheets ɗin, shi ma duk wanda ka ba izinin gyara Google Sheets ɗin zai iya gani, don haka yaran shago izinin kallo kawai na ba su. Ranar da ɗayansu ya koma Kano da aiki, a daren na goge makullin na yi sabo.