Tayoyi huɗu da na ƙi saya a Duwala

Har yau in na ga mota sabuwar fitowa daga tashar jiragen ruwa, kafin in dubi fenti ko kujeru sai na durƙusa na leƙa gefen taya. Samarin layinmu a unguwar Birketiri ta Yawunde, babban birnin Kamaru, har suna suka sa mini saboda haka, wai Likitan Taya. Ina barinsu su yi dariyarsu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa kwana a bakin daji tsakanin Edeya da Puma, a kan hanyar Duwala zuwa Yawunde, ruwa na dukansa, yana kallon dukiyar da ya shekara huɗu yana tarawa kwance a cikin rami.

A watan Satumban 2023 ne motata ta iso Duwala daga Beljiyam, Toyota Avensis, wadda wani ɗan baffana da ke can ya saya mini. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin duwan, wato kwastan, da tiranzite masu fito da kaya ba, duk wanda ya taɓa fito da ko da firji ne ya san yadda aljihu ke komawa bayan an gama. Ranar da aka miƙa mini makulli, sefa dubu 210 ne kacal suka rage mini, kuma na riga na ƙudurta cewa na lamba da sauran takardu ne in na isa Yawunde.

A unguwar Niyu Bel ta Duwala na sauka, gidan kawuna. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana jan babbar mota daga Duwala zuwa Gaundare, Garwa, Marwa, har Injamena, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da na faka a ƙofar gida yara suka yi caa a kan motar, mata na leƙe suna sa albarka. Shi ko ya fito da sandarsa ya zagaya ta sau ɗaya, ko ƙofa bai buɗe ba. Ya tsaya a tayar gaba ta hagu, ya sa farce ya kankari gefenta.

Ya ce, "Ɗana, waɗannan na ƙanƙara ne. Kuma sun tsufa. Ka canja su kafin ka hau hanya."

Na ce, "Haba Kawu, dubi zanen fa, ko rabi bai ci ba."

Ya ce, "Zane na gani. Roba nake gaya maka."

Ya nuna mini wani ɗan hoton dutse mai kawuna uku da tauraron ƙanƙara a tsakiyarsa, da harufan M+S. Ya kuma nuna mini lambobi huɗu a ƙarshen wani layin rubutu da ya fara da DOT: 1712. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato a mako na 17 na shekarar 2012 aka yi tayar, ta haura shekara goma sha ɗaya. Robar tayar hunturu laushi gare ta, an yi ta ne don ta kama titi a sanyin Turai, zafin kwaltarmu kuwa cinye ta yake yi. Ga shi motar ta yi makonni a cikin jirgi, ta ƙara wasu a tsaye a tasha, iska ta ragu, gefen robar duk ya yi ƙananan tsage kamar faso. Duk wannan ya faɗa mini, da bakinsa, a gaban mutane. Ba zan ce ban ji ba.

Mun tambayi wani mai sayar da taya da Kawu ya sani, ya ce sababbi huɗu dubu 180. Na lissafa na ga dubu 30 za su rage mini, ga mai, ga kuɗin hanya. Na ce a raina, kilomita 240 ne fa, awa huɗu, in na isa gida na huta sai in canja a tsanake. Abin da na yi kawai shi ne na sa mai faci ya ƙara musu iska. Kawu bai sake cewa komai ba. Ya dai ce in tashi da asuba. Wannan ma ban yi ba, don na tsaya jiran wata takardar inshora, sai bayan azahar na kama hanya, cunkoson Yasa kuma ya cinye mini awa ɗaya da rabi kafin in ga gadar Dibamba.

Wanda bai san wannan hanya ba zai ɗauka titin da ya haɗa babban birnin ƙasa da babbar tashar jiragen ruwanta wani shimfiɗeɗɗen abu ne mai hannu huɗu. Hannu biyu ne, ɗaya zuwa ɗaya dawowa, in ban da 'yan wuraren da aka ƙara layi a kan hawa. Lamba 3 take a taswira, amma kowa da sunan Faransanci yake kiranta, aks lur, wato hanyar masu nauyi. Kuma sunan ya dace da ita. Shinkafa da siminti da kwantenonin da za su Cadi da Afirka ta Tsakiya, ƙasashen da ba su da teku, nan suke bi su haura. Gungumen katako daga dazuzzukan gabas nan suke bi su gangaro, gungume uku ko huɗu a kan tirela guda, ɗaure da sarƙa. A tsakaninsu ga manyan bas-bas na kamfanonin sufuri da suke tashi daga unguwar Mvan ta Yawunde, kowa na neman riga ɗan'uwansa isa. An fara gina sabuwar babbar hanya tun 2014, amma kilomita 60 na ɓangaren Yawunde ne aka gama. Daga Duwala zuwa Bumnyebel kowa a tsohuwar yake.

Har Edeya lafiya lau. Na ƙetare kogin Sanaga, na biya sefa 500 na shinge, na sayi gyaɗa da ayaba ta taga, har ina jin daɗin yadda motar ke tafiya shiru. Na ma kira uwargida na ce ta ajiye mini tuwo.

Bayan Edeya hanyar ta fara hawa da kwana-kwana, sama kuma ta haɗe. Na samu kaina a bayan wata tirela mai kwantena da ke jan jiki kamar hawainiya, na bi ta kusan minti ashirin, raina duk ya ɓaci, magariba na matsowa. Da na samu ɗan miƙaƙƙen wuri na taka totur na fita. Na duba allura ta wuce 120. Na sha gabanta ke nan, ina komawa hannuna, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin ƙafata. Sitiyari ya fizge zuwa hagu, wato zuwa hannun masu tahowa, kuma ga fitilun wata motar katako sun ɓullo daga kwana.

Daga baya kowa ya zama malami, wai ba a taka birki in taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali a bar mota ta rage gudu da kanta. Gaskiya ne, haka ake yi. Ni dai birki na danna da iya ƙarfina, na murɗa dama ina salati. Motar ta juya, ta goge ƙasa, ta faɗa ramin gefen titi da hanci. Motar katakon ta wuce da hon ɗinta, iskarta ta girgiza ni. Mai kwantenar da na wuce ya kauce mini da ƙyar.

Na fito babu ko ƙwarzane, sai dai gwiwoyina sun ƙi ɗaukata. Tayar gaba ta hagu ce, ita dai wadda Kawu ya kankara da farce. Ta dare daga gefe, wayoyin ciki a waje kamar tsintsiya.

Mai kwantenar ya tsaya can gaba ya tako da ƙafa, shi da yaron motarsa. Mutumin Garwa ne, Hausarsa garau. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka yi sadaka in ka je gida." Yaron ya zaro adda ya sassaro ganye ya jera a kan kwalta, gaba da baya, yadda ake yi don masu tahowa su san akwai matsala. Direban ya ce in buɗe but mu ga safaya ko za a iya wani abu. Na buɗe, na ɗaga shimfiɗa. Babu safaya, babu jak. Wata 'yar gorar ruwan liƙe ce da ɗan famfon iska, irin abin da ake sa wa motoci da yawa a Turai maimakon taya ta biyar. Kwana uku motar tana hannuna ban taɓa ɗaga shimfiɗar nan ba. Ko da akwai safayar ma ba za ta yi amfani ba, don ƙafar gaba ta karye, lagireto na zubar da ruwa, amma kunyar da na ji a gaban mutumin nan ta fi ta faɗawa ramin.

Ya tafi, don shi ma kayan mutane ya ɗauko. Ruwa ya kece. Mutanen wani ƙauyen Basa da ke kusa suka fito da tocila, wata dattijuwa ta kawo mini miyondo, wato dafaffen ƙullin rogo, da gasasshen kifi a ganye, ta ƙi karɓar ko sisi. Jandarmomi sun zo sun rubuta abin da za su rubuta. Janwe kuwa aka ce sai da safe. A cikin motar na kwana, a karkace, duk babbar motar da ta wuce sai ƙasa ta motsa. A daren ne na tuna ranar 21 ga Oktoban 2016, da ruwa ya cinye kwalbati a kusa da Matomb hanyar nan ta yanke biyu, jama'a suka yi tururuwa zuwa jirgin ƙasa, jirgin ya kauce daga dogo a Eseka, mutum 79 suka rasu. Akwai maƙwabcinmu da ya je tashar jirgin a ranar bai samu wuri ba, ya dawo yana faɗa. Ina tuna wannan na daina ƙirga kuɗi na ɗan lokaci. Na ɗan lokaci dai.

Ga lissafin, tun da na san shi kuke jira. Janwe zuwa Edeya dubu 80. Aikin ƙafa, rim, lagireto, bamba da fitila ɗaya, dubu 340. Tayoyin nan huɗu da na guje wa, na saye su dai, a dubu 180 ɗin, na ƙara da safaya da jak na dubu 40. Kwana huɗu a Edeya ina gadin gareji. Sai da na ci bashi a wurin mutum biyu, uwargida kuma ta sayar da awarwaronta, abin da har yau in muka yi 'yar sa-in-sa sai ya fito.

Masu tambayata yanzu, abin da nake ce musu bai wuce wannan ba: in mota ta fito daga jirgi, ka sa kuɗin taya a cikin kuɗin duwan tun farko, ka ɗauka ba naka ba ne. Ka karanta lambobin nan huɗu da idonka, in sun haura shekara shida ka fara shakka, in sun kai goma kada ka ko tsaya ciniki da zuciyarka, komai kyan zanen. Ka ɗaga shimfiɗar but a cikin gari, inda akwai shago. Ka bar Duwala da sanyin safiya, musamman da damina. In kuma ka faɗa bayan mai kwantena a hawan Puma, ka bi shi, zai kai ka.

Kawu ban iya kiransa ba sai a rana ta biyu. Na gama zuba bayani, ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Alhamdu lillahi da ka tsira, ɗana. Wacce ce ta fashe?"

Na ce, "Ta gaba, Kawu. Ta hagu."

Ya ce, "To." Ya miƙa wa inna wayar.