Bayan Malamai Sun Raba Gado, Saura Na Takarda

A gidajenmu na Hausawan Garwa, a arewacin Kamaru, idan aka yi rasuwa ba sai an koya wa kowa abin yi ba. Wanka, sutura, salla, a kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi. Sai zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, daga nan a kira malamai su raba gado. Abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne akwai wani aikin a bayan wannan, na hukuma, kuma ita hukuma ba ta san wani magaji ba sai wanda takarda ta nuna mata.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar atamfa ne. Ya bar shago a babbar kasuwa, da gidan da muke ciki, da wani ɗan gida na haya a unguwar Birketeri ta Yawunde da ya saya tun zamanin da yake fatauci zuwa kudu, da 'yan kuɗi a banki. Ya bar mata biyu da mu 'ya'yansa, wasu a nan, ɗaya a Yola, ɗaya tana aure a Njamena. Ba ni ne babba ba. An ɗora mini aikin ne don ni na fi jimawa a makarantar boko, ina karanta Faransanci ba tare da an fassara mini ba. Kawu ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Ɗana, kai ne idonmu." Na ce, "To, Kawu." Wa zai ce a'a a irin wannan wurin?

Rabon malamai bai cinye yini guda ba. Aka fara da bashi, aka duba wasiyya ba ta haura sulusi ba, aka fitar wa iyayenmu mata tumuninsu su raba a tsakaninsu, saura aka ba namiji rabon mata biyu. Kowa ya ji kasonsa, aka shafa fatiha. Sai dai kason nan a baki yake. Gida yana nan da sunan Baba, kuɗi suna can da sunan Baba.

Da na je banki aka karɓe ni da mutunci, aka yi mini ta'aziyya, sannan aka shaida mini an rufe asusun tunda labarin rasuwa ya iso gare su. Ma'aikacin ya jera mini abin da zan kawo: takardar shaidar mutuwa, takardar zaman dangi, hukuncin kotu mai tantance magada, takardar da ke nuna ba wanda ya ɗaukaka ƙara, da shaidar an daidaita da ofishin haraji a kan harajin gado. Abu biyar a rubuce. Kowane ɗaya a cikinsu yana da nasa 'ya'yan.

Baba a gida ya cika, da asuba, kafin azahar an rufe shi. Babu likita, babu takardar asibiti. A dokar Kamaru ana kai rahoton mutuwa meri, wato ofishin magajin gari, cikin kwana 90, wanda ya bari wa'adin ya wuce kuwa sai ya bi ta kotu a yi masa hukunci kafin a rubuta masa takardar. Mu mun shiga cikin wa'adin, albarkacin wani maƙwabci, tsohon ma'aikacin gwamnati, da ya ja ni gefe ranar sadakar bakwai. Na san gidaje a unguwarmu da mai gida ya shekara goma a ƙasa amma a littafin hukuma yana nan da ransa. Na ɗauki shaidu da takardar jauro, wato mai unguwa, aka rubuta. Wannan ce kaɗai ta zo da sauƙi.

Daga nan aka shiga rigimar suna. Baba na cikin mutanen da aka rubuta wa "an haife shi wajajen shekara kaza", ba rana ba wata. Sunansa kuma kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji shi. Duk wanda ya girma a arewacin Kamaru ya san yadda suna guda irin Muhammadu kan koma Mohamadou a nan, Mohaman a can, Hamadou a wata takardar. Katin shaidar Baba da rubutunsa, titir, wato takardar mallaka, na gidan Yawunde da nasa, takardun haihuwarmu kuma sun kasu biyu: na ɗakin Hajiya iri ɗaya, na ɗakin Inna wani irin. A idon takarda, maza uku ne suka haife mu. Sai da aka nemo takardar shaidar cewa duk mutum ɗaya ne, da dattawan da suka san shi tun yana saurayi. Ɗaya daga cikinsu, da aka tambaye shi ko ya tabbata, ya ce, "Ranka ya daɗe, tare aka yi mana kaciya." Har mai hatimin sai da ya yi dariya.

Zaman dangi kuwa ya faɗo daidai lokacin da iyayenmu mata ke cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Takarda tana son hannunsu, addini yana son zamansu. A gida aka yi zaman, suna daga bayan labule, Kawu yana maimaita musu abin da aka rubuta, suka dangwala yatsa. A nan ne kuma wani abu ya fito da ya taɓa zuciyar kowa. Auren Hajiya yana da takardar meri. Na Inna a masallaci aka ɗaura shi, da waliyyai da shaidu da goro, shekara talatin da ɗoriya, amma ba a taɓa kai shi meri ba. Dokar ƙasar nan ta yarda da auren mace fiye da ɗaya, sai dai wanda aka rubuta take gani. Ni aka bar wa nauyin yi mata bayani. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To ku 'ya'yan nawa fa, an san da ku?" Na ce, "An san da mu, Inna." Ta ce, "Shi ke nan." Dangi suka sa a rubuta ƙarara a takardar zaman cewa kasonta yana nan yadda malamai suka yanke, kowa ya sa hannu.

Kotu ba ta ba ni wahalar da na zata ba. An ɗaga zama, an sake ɗagawa, aka yi hukunci, aka naɗa ni mai kula da dukiyar, na jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika na karɓi takardarsa.

Abin da ya tsufar da ni aike ne.

Duk magajin da ba ya gari sai ya aiko da takardar wakilci, da sa hannunsa da hatimin hukumar inda yake. Hoton WhatsApp ba ya shiga dosiye, wato kundin takardun da ake miƙa wa hukuma, sai takardar kanta. Ƙanwata ta Njamena ta yi tata, mijinta ya tsallako gadar Ngeli zuwa Kusiri ya ba wani direba, direban ya sauke ta a Marwa wurin wani mai shago, mai shagon ya tafi ƙauye biki. Ina riƙe da lambar waya uku, ba wanda ya ce takarda ta ɓata, ba kuma wanda ya ce ga ta. Ta Yayanmu na Yola ta iso lafiya, ga kusanci, amma da Ingilishi aka rubuta ta. Ƙasarmu harshe biyu ne a hukumance, wannan kowa ya sani. Wanda na miƙa wa ya juya ta gaba da baya ya ce in ajiye, mai karanta irin wannan ya fita.

Na Yawunde ya fi duka. Ana son sabuwar shaidar mallakar gidan daga ofishin filaye na can, su kuma suna son kwafin hukuncin kotu daga nan. Na ce bari in bi hanyar da doka ta sani, na kai gidan waya na yi rajista, na biya har da kuɗin ɗan katin da ke dawowa ya nuna an karɓa. A nan ba a kai wasiƙa ƙofar gida, akwatin gidan waya ake jefa ta, mai akwati ya zo da makullinsa ya ɗauka. Wanda na aika wa yana amfani ne da akwatin wani ɗan'uwansa, ɗan'uwan kuma ya manta rabon da ya buɗe shi. Katin bai dawo ba har yau. Wannan ne ya tuna mini Baba ma yana da nasa akwatin. Na samo makullin a aljihun wata tsohuwar babbar riga, a ɗaure da zare tare da na sito. Da na buɗe sai ga takardun harajin gida, da sanarwar banki, da katin gayyatar wani ɗaurin aure da aka yi tun tuni, duk sun yi ja da ƙurar hunturu.

Daga baya na koma hanyar da kowa ke bi: a kai ambulan tashar motocin safa, a rubuta suna da lambar waya a bayansa, a biya, a kira mai karɓa ya je ya tsaya. In da hali, a ba wanda zai hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere, da safe yana Yawunde. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da wata hujja da za ka nuna wa hukuma cewa ka aika a rana kaza. Saboda haka na riƙa yin biyu: kwafi mai hatimi ta gidan waya don rasit, wani ta mota don ya isa. Asalin takarda kuwa ba ta barin hannuna sai da ƙafata.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Yawancin ofisoshi suna son kwafin da hatiminsa bai wuce wata uku ba. Kana jiran ta Njamena, na Garwa suna tsufa a cikin jaka. Ta iso, sai a ce waɗancan sun mutu, a sake. Kowane kwafi da tambur ɗinsa, wato kan sarkin hukuma da ake manna masa, tambur ɗin da yake sefa 1,000 ya koma 1,500 tun 2023. Ka ninka wannan da yawan 'ya'yan gidan Bahaushe. Wanda zai shiga wannan aiki ya fara da takardun nesa, masu jan ƙafa, ya bar na cikin gari sai ƙarshe, ya yi su a mako guda.

Sai harajin kansa. Yanzu kusan komai ta intanet ake shigarwa, kuma ba a motsi sai da lambar mai biyan haraji, NIU, wadda tun 2020 aka ɗaura ta a kan buɗe asusun banki da harkar filaye da sauransu. Na zauna a shagon intanet cikin zafin watan Afrilu, irin zafin Garwa da fanka ke hura wuta, shafi ya buɗe wuta ta ɗauke, wuta ta dawo shafi ya ƙi. A takardar bayyana dukiya ana lissafa duk abin da mamaci ya bari da darajarsa, a cire bashin da aka yarda da shi, a ɗora haraji a kan abin da ya rage, kason yana hawa gwargwadon girman dukiyar. Akwai wa'adi, wanda ya makara tara na jiransa.

Kalmar "bashin da aka yarda da shi" ita ce ta kai ni da littafin Baba. Littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya lanƙwashe, duk da ajami: wane ya kawo turmi kaza, an ba shi kaza, saura kaza. Malamai sun karɓe shi ba musu, masu bin bashi suka zo, wanda ke da shaida ya kawo, muka biya kowa, don ba ma son Baba ya kwana da nauyin wani. Ma'aikacin haraji ya buɗe shi ta hagu, na ce, "Ranka ya daɗe, ta nan ake farawa." Ya juya, ya duba shafi biyu, ya rufe a hankali ya turo mini. Bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce shi abin da zai iya cirewa sai bashi mai takarda da sa hannu da kwanan wata, wanda aka yi tun mamaci na raye. Kasuwancin Baba kuwa duk a kan amana ya tafi. Ƙarshenta mun biya haraji a kan kuɗin da tuni suka koma hannun masu su. Na ga dalilinsa, don in an buɗe wannan ƙofa kowa zai ƙirƙiro bashi. Amma har yanzu ina ganin dokar ba da irin kasuwarmu aka auna ta ba.

Kuɗin biyan harajin kuma suna cikin asusun da ba za a buɗe ba sai an biya harajin. Kawu ne ya ranta mana.

A tsakanin nan magana ta fara yawo a gida. Ba wanda ya fito ya ce na ci wani abu, sai dai tambayar "har yanzu?" ta sauya murya. Mutumin da ya ji kasonsa daga bakin malami tun bara, bai ga ko dala ba, ba za ka hana shi zargi ba. Abin da ya cece ni ɗan littafin da nake rubuta komai a ciki: tambur, kwafi, kuɗin babur, kuɗin aike, kowane rasit a manne da shafinsa. Duk ƙarshen wata nakan kai wa Kawu, a karanta a gaban wanda ya samu zuwa, a ɗauki hoto a tura wa na nesa. Tun a zaman dangi ma Kawu ya sa aka rubuta cewa duk abin da aka kashe a kan takardu daga dukiyar za a cire kafin rabo. Ba don wannan layin ba, da daga aljihuna za a ce ya fita.

An buɗe asusun, an mayar wa Kawu kuɗinsa, kowa ya karɓi nasa. Shagon Yayanmu na nan ya saye kason sauran. Gidan Garwa an juya titir ɗinsa zuwa sunayenmu gaba ɗaya. Na Yawunde dosiyensa yana can, an ce a ƙaro kwafin katin shaidar kowane magaji, na ƙanwata kuma ya ƙare aiki, sai ta zo Kamaru ta sabunta. Ta ce sai bayan salla.