Gadin kasuwar Mora

Na shiga 'yan sa-kai na unguwarmu a Mora, arewacin Kamaru, a 2015, bayan bama-baman da suka tashi a Marwa cikin watan Yuli. Makamanmu kwari da baka ne, da adda, da gora, sai 'yan bindigogin toka a hannun maharba. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, mu ke tsayawa a hanyoyin shiga muna bincikar kowa.

Ƙarfi yana hana ɓarna, na gani da idona. Sai dai ba addarmu 'yan Boko Haram ke shakka ba. Abin da ya dame su shi ne mun san mutanenmu. Baƙuwar fuska, yarinyar da ta kasa faɗin gidan da za ta, babur da ya biyo hanyar daji da asuba, nan take waya ta isa ga sojojin BIR, rundunar Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa, su kuwa suna kusa. Idonmu da bindigarsu, su biyun ne suka tsare kasuwar.

A ƙauyukan bakin iyaka, wajen Kolofata da Amchide, inda soja kan yi nisa da dare, lamarin ya sha bamban. Duk matashin da ya rataya bindiga yana yawo da ita a bainar jama'a, sunansa ya kai daji. 'Yan Boko Haram sukan zo cikin dare suna tambayar gidan ɗan sa-kai tun kafin su taɓa rumbu ko garke. Akwai abokan aikinmu da aka rasa a haka, Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rikicin Logone-Birni, kusa da iyakar Chadi, a 2021. Ruwa ya yi ƙaranci, masuntan ƙabilar Musgum suka haƙa ramukan tara ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suna faɗawa ciki. Magana ce da a da ake kashewa gaban lawani, wato dagaci. Amma kowane ɓangare ya tanadi makami don tsoron ɗaya, kowa kuma ya ɗauki tanadin maƙwabcinsa a matsayin shirin kai masa hari. A watan Disamba wutar ta kai garin Kusuri, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi.

Shi ya sa da samarinmu suka kawo shawarar a yi karo-karo a sayi bindigogi, na ƙi amincewa. Na ce musu, "Ƙannena, mu sayi tocila, da usur, da katin waya, mu kuma sa wakilin kowace ƙabila cikin jerin masu gadin dare." An yi ta gardama har bayan isha'i kafin bulama ya goyi bayan hakan.